Darasin da Aka Ƙirga Sau Biyu

Injiniya ake ce masa a unguwa da makaranta, ko da yake ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Manhajar kwamfuta yake rubutawa. Shi ya haɗa wa makarantar da autarsa take karatu shafin da malamai ke shigar da makin jarabawa. A da sai a yi mako biyu ana fama da biro da kalkuleta, yanzu kuwa maɓalli ɗaya za a danna kowace ɗaliba ta ga matsayinta. Mutum ne mai aiki, wannan babu musu. Matsalarsa ɗaya ce, baki. In ya fara bayanin kwamfuta, ko kana da uzuri sai ka haƙura ka nemi wurin zama.

Duk shekara wata kwalejin kimiyya, makarantar kwana, tana ba makarantar gurbi ɗaya tak, na yarinyar da ta zo ta ɗaya a aji uku. Iyaye kan wannan gurbin suke kwana, a kansa suke tashi. Bana da aka danna maɓallin, sunan Auta ne ya fito a sama da maki 83.6, sai 'yar tela na bakin layinsu a ƙarƙashinta da 82.2.

A taron malamai da aka yi don tabbatar da sakamakon, tsohon malamin lissafi ya ɗaga hannu. Dattijo ne siriri, shekara talatin da wani abu yana cin ƙurar alli, kuma har gobe yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta makin kowace yarinya a ciki da hannunsa, ba wanda ya sa shi. Ya ce shi dai ya yi lissafinsa sau uku, abin da ya samu bai zo daidai da na kwamfuta ba, ko za a sake dubawa.

Nan fa Injiniya ya samu abin da yake so. Ya miƙe ya yi musu bayani tiryan-tiryan. Ya ce makin yana zaune ne a ma'ajiyar bayanai, jadawali-jadawali, kuma ma'ajiyar tana da harshenta daban. Shi ba ya yi mata magana kai tsaye. Tsarin da ya gina shafin a kansa yana da wani abu kamar tafinta: shi zai rubuta abin da yake so a taƙaice, tafintan ya juya shi zuwa tambaya a harshen ma'ajiya, amsa ta dawo. Ya ce dubban ƙwararru a duniya da wannan tafintan suke aiki, bai san 'yar kowa ba, ba ya gajiya, ba ya gyangyaɗi. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Ina! Sai da ya juya ya kalli kalkuletar da ke gaban tsohon.

"Malam, wannan kalkuletar ai ta girmi duk yaran aji uku. A bar ta ta huta mana."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har Shugabar makaranta sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Tsohon ya rufe littafinsa, ya mayar da biro aljihu, aka wuce zuwa maganar fentin azuzuwa.

A gida kuwa Maman Auta ta riga ta cika waya da labari. Ƙannenta, yayyenta, matan da suka yi makaranta tare, har wata gwaggo da aka yi shekara biyar ba a gaisa ba, kowa sai da ya ji. Aka sayo akwatin ƙarfe da bokiti da gidan sauro. Aka kai yadin yunifom wurin tela, don shi ke ɗinka wa gidan tun Auta tana rarrafe.

Mako uku bayan taron, ranar wata Talata da hantsi, Injiniya ya shiga makarantar don ya buga takardar sakamakon da za a haɗa da fom ɗin kwaleji. Ranar Juma'a fom ɗin zai tafi. Ɗakin kwamfutar ɗan ƙarami ne a bayan ofishin Shugaba, rabinsa kwalayen tsofaffin takardun jarabawa sun cinye, ga fanka mai kuka, ga firintar da ba ta aiki sai an ɗan make ta a gefe. Sakatariya ta leƙo ta ce tunda ya zo, ya taimaka ya cire sunan matashin malamin nan da ke koyar da lissafi tare da tsohon, ya samu aiki a wani gari ya tafi. Injiniya ya ce wannan ai aikin daƙiƙa biyu ne. Ya cire. Sannan ya buɗe sakamakon aji uku zai buga.

Sunan 'yar tela ne a sama, 82.6. Auta tana ƙasa da 82.4.

Ya ɗauka idonsa ne. Ya rufe shafin ya sake buɗewa, abin yana nan. Ba wanda ya taɓa makin kowa, malami ɗaya kawai ya bar aiki, to me ya haɗa tafiyar malami da makin yara?

Akwai hanyar da za ka sa tafintan ya nuna maka ainihin abin da ya faɗa wa ma'ajiya. Layi ɗaya ne ake rubutawa. Shekara biyu Injiniya yana aiki da shafin nan bai taɓa rubuta layin ba, don me zai ɓata lokacinsa? Yau ya rubuta. Tambayar ta fito doguwa, ya bi ta da yatsa a kan allo kamar mai koyon karatu, har ya iso wurin.

Wata huɗu da suka wuce Shugaba ta ce tana so sunan malamin kowane darasi ya riƙa fitowa a gefen maki. Kalma biyu ya ƙara a rubutunsa, yana waya ma da ɗayan hannun. Ashe shi tafintan, don ya kawo sunayen, sai ya haɗe jadawalin maki da jadawalin malamai tukuna, sannan ya fitar da matsakaici. Darasin da ke da malami ɗaya ya fito sau ɗaya. Lissafi da kimiyya kuwa kowanne malamai biyu gare shi, don haka makinsu ya fito sau biyu-biyu. Darussa tara aka yi jarabawarsu, kwamfuta ta tara sha ɗaya ta raba da sha ɗaya. Su kuma darussa biyun nan su ne gonar Auta, tasa'in da shida da tasa'in da huɗu ta ci. 'Yar tela ba ta kai ta a nan ba, amma a sauran bakwai ɗin ta wuce ta fintinkau.

Ya jawo wata tsohuwar takardar jarabawa daga kwali, ya juya bayanta, ya yi lissafin da biro. Auta 81.1. 'Yar tela 82.9. Ba ma kusa ba ne.

Ya shiga shafin masu tafintan yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Ya samu mutane birjik sun yi shekaru suna kuka da wannan matsalar, wasu suna cewa aibin tafintan ne, masu shi suna cewa gyaran ba sauƙi. Har ya fara jin ɗan sanyi. Sai ga shi a littafin bayanin da kowa ya kamata ya karanta, an sa gargaɗi a cikin akwati mai launin rawaya, an faɗi yadda ake kauce wa abin. Ya san shafin. Ya sha wucewa ta kansa yana sauri.

Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum zufa a ƙarƙashin fanka. Ya tuna dariyar ɗakin malamai. Ya tuna akwatin ƙarfe a tsakar ɗakin Auta. Ya ga yadda maganar za ta fita in ta fita: mai kwamfuta ya juya kwamfuta 'yarsa ta zo ta ɗaya. Wa zai tsaya sauraron labarin tafinta da jadawali? Ko shi aka kawo wa labarin a kan wani, dariya zai yi ya ce a gaya wa yara.

To a nan ne Injiniya ya yi abin da babu tafintan da za a ɗora wa. Ya koma jerin malamai, ya mayar da sunan matashin da ya tafi. Ya sake buɗe sakamako. Auta ta koma sama, 83.6, kamar ba abin da ya faru. Ya make firinta, takarda ta fito da ɗuminta. Da sakatariya ta tambaya ko an cire sunan, ya ce mata a bar shi tukuna sai ƙarshen zango, cirewa yanzu zai iya dagula tsofaffin bayanai. Ta ce shi ya san abinsa. Ya ninke takardar da ya yi lissafi a bayanta ya tura aljihu, ya miƙa mata ta firinta ta sa a fayil.

Ya gaya wa kansa abubuwa da yawa a hanya. Cewa bai ƙara wa kowa maki ba, ya dai mayar da abu yadda ya same shi. Cewa kwalejin kimiyya ce, kuma a kimiyya ai Auta ce gaba, watakila ma kuskuren ya fi gaskiyar adalci. Dabarar ta yi masa kyau har ya iso gida, amma abinci ya ƙi shiga.

Washegari Maman Auta ta ce ya biya wurin tela ya ga ko ɗinkin ya yi nisa. Ya so ya zame, ta ce ai hanyarsa ce. Shagon ɗaki ɗaya ne da keke biyu, ƙyallaye a ƙasa, tsohuwar rediyo a kan taga. Tela ya taso baki har kunne, tef a wuya, ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana sake yi masa barka, karo na nawa ke nan. Ya ce shi wallahi ya ji daɗi da abin bai bar layinsu ba, ta ɗaya da ta biyu duk 'ya'yansu ne. Tasa kuma ya gaya mata ta yi haƙuri, wanda ya fi ka ya fi ka, za ta ci gaba a nan makarantar gari.

A kusurwar shagon yarinyar tana zaune a kan benci da farar riga a cinyarta, tana ɗinka maɓallai. Rigar Auta ce. Ta ɗago ta gaishe shi da ladabi, ta ce saura biyu ta gama, sannan ta ciji zare ta ci gaba. Uban ya ce ita ta roƙa a bar mata maɓallan, wai ƙawarta ce, tana so ta yi mata su da ƙarfi kada su zube a makarantar kwana.

Injiniya ya tsaya yana kallon allurar tana shiga tana fita. Ya ji ya tsani kansa, tsana ta gaske, ba ta faɗa da baki ba. Tela yana ta magana a kan tsawon siket, shi kuwa ko kalma ɗaya bai kama ba. Ya ce yana da wani uzuri, ya fita har yana tuntuɓe da bakin ƙofa.

Ranar Alhamis da safe ya tarar da tsohon malamin a ɗakin malamai shi kaɗai, yana makin littattafan 'yan aji ɗaya da jan biro. Injiniya ya gaishe shi, ya ja kujera, ya rasa ta inda zai fara, mutumin da magana ba ta taɓa yi masa wuya ba. Daga ƙarshe ya ce ko zai iya ganin littafin nan mai baƙin bango. Tsohon ya kalle shi ta saman tabarau, ya buɗe jaka ya miƙa masa. Ga shi nan da rubutu ƙanana a tsare, 82.9 da 81.1, an ja layi a ƙarƙashinsu.

Ashe bayan taron sau biyu tsohon ya sake zuwa wurin Shugaba da maganar. A karo na biyu ta ce masa shekaru sun ja, ya huta, ta cire shi daga kwamitin jarabawa da ya riƙe tun kafin a kawo wutar lantarki ajujuwan. Ya faɗi wannan ba tare da ya ɗaga murya ba, yana ci gaba da jan biro a littafin wata yarinya. Da zagi ya yi da Injiniya ya fi samun sauƙi.

"Malam, ka yi gaskiya. Ni ne na yi kuskure. Ka yafe mini abin da na faɗa."

"Dariyar ba ta dame ni ba, an saba. Yarinyar ce ta dame ni. Fom ɗin ya tafi?"

"Sai gobe."

Tsohon ya rufe biro ya miƙe. Tare suka shiga ofishin Shugaba, dattijon a gaba, Injiniya a baya da kwamfutarsa a hammata kamar ɗalibin da aka kamo. Ya yi bayani, wannan karon gajere. Ya gyara tambayar a gabansu, sakamakon gaskiya ya fito, aka bi yara sittin da biyu ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa da littafin tsohon, ko ɗaya bai saɓa ba. Shugaba ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta tambaye shi ko ya san abin da mutane za su ce a kansa da kuma a kan makarantar, ya ce ya sani. Ta ce za a sake cika fom da sunan 'yar tela, ita da kanta za ta kira uban yarinyar gobe. Sannan ta tambaye shi yaushe ya gano.

Ya ce yau da safe.

Haka kawai maganar ta fito, sumul, bai ma shirya ta ba. Shugaba har ta yaba masa, ta ce da wani ne da ya yi shiru abinsa. Tsohon malamin ya ce Allah ya yi albarka. Injiniya ya karɓi yabon da addu'ar ya fito da su, suna yi masa nauyi fiye da kwamfutar.

Maman Auta ya fara gaya wa, a kicin. Da farko ta ce wasa yake yi. Da ta ga ba wasa ba ne ta tambaya ko ba yadda za a yi a bar abin yadda yake, tunda ba su suka roƙa ba. Ya ce an riga an gyara. Ta kalli wayarta da ke kan firij, ta kife ta, ta juya masa baya ta ci gaba da wanke kwanon da ta riga ta wanke. Bai ga laifinta ba. Ita ce za ta sake kiran mutanen nan ɗaya bayan ɗaya.

Ya samu Auta a ɗakinta bayan la'asar, tana zaune a ƙasa tana rubuta sunanta a jikin kayan makaranta da baƙar maka, alƙalamin nan mai kauri. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa bai taɓa kiranta da shi ba. Ya zauna a bakin gado, ya ce Mamana, ajiye wannan, akwai magana. Ya yi mata bayani a hankali: darussa tara, malamai biyu, yadda aka raba da sha ɗaya. Ya ce gurbin ba nata ba ne, na ƙawarta ne. Ya shirya wa kuka, ya shirya wa fushi, har ya tanadi kalmomin lallashi.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta rufe makar, idonta a kan murfin.

"Na sani, Baba. Tun ranar da aka ba mu takarda na tara makina na raba. Tamanin da ɗaya ne. Na tara nata ma."

Da ƙyar ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba.

"Na ɗauka kai ka ƙara mini. Na ce in na yi magana za a kama ka."

Sai a lokacin hawayen suka zo mata. Ta ce mako uku ke nan ba ta iya haɗa ido da ƙawarta, in ta hango ta a layi sai ta canja hanya. Ta ce ko shi ma ba ta son kallonsa, tana jin kunyarsa, tana kuma jin kunyar jin kunyar, don ta san saboda ita ya yi. Yarinya 'yar shekara sha huɗu ta ɗauki uban da ya haife ta ɓarawo, ta kuma yanke wa kanta cewa za ta rufa masa asiri har kwaleji. Shi kuwa duk kwanakin nan yana ta yawo a gidan yana cika baki, bai lura da komai ba.

Ta share fuska da bayan hannu. Sai ga wani haske ya zo mata, har ta ɗan yi dariya cikin kukan. Ta matso ta dafa gwiwarsa.

"Ashe kuskure ne kawai. Kwamfuta ce. Kana ganewa kuma ka je ka faɗa, ko Baba?"

Abin da yake bukata kawai shi ne ya gyaɗa kai. Shugaba ta yarda, tsohon malami ya yarda, sakatariya ba ta san me ta gani ba. Gurbin ya koma wurin mai shi, ba wanda zai ƙara cutuwa. Yarinyar nan ta rasa kwaleji yau, abin da ya rage mata shi ne wannan ɗan farin cikin, ga shi tana miƙo masa shi da hannu biyu. Ya kalli fuskarta, ya ga yadda take jira, ya ji in ya karɓa ba zai sake iya zama a bakin gadon nan ba.

"Na farkon kuskure ne, Mamana. Amma tun ranar Talata na gane. Na ga sunanta a sama da idona, na mayar da naki da hannuna, na buga takarda na ba su. Kwana biyu na yi a haka. Yau ma da aka tambaye ni, ƙarya na yi."

Hannunta ya sauka daga gwiwarsa a hankali. Ba ta tashi ba, ba ta kuma kalle shi ba. Daga kicin ana jin ƙarar ruwa a kwano. Sannan, murya ƙasa-ƙasa, ta tambaye shi ko gobe zai koma ya gaya wa Shugaba wannan ɗin ma.

Ya ce zai koma.

Ta ce to, ta ja akwatin gabanta ta fara fitar da kayan.